Karkataccen Yatsa a Hoton Sarki

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin da ke kusurwar layin tashar bas, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, ya san Rediyo. Shi ma Rediyo ya san shi, ya san ciwon gwiwarsa, ya san dalilin da ya sa ba sa ga-maciji da surukinsa, kuma kafin rana ta faɗi duk layin sun sani. Ba mugunta ba ce, wallahi. Mutumin dai Allah ya yi shi ba murfi. Mahaifiyarsa ce ta liƙa masa sunan tun yana yaro, wai shi kaɗai ne rediyon da ba ya cin batir, kuma har ta koma ga Allah ba ta gano inda ake kashe shi ba.

Aikinsa kuwa, a yi masa adalci. Baki na zuba, hannu na tafiya, reza ba ta taɓa cin kunnen kowa ba. Hannuwa ne dogaye masu sanyi, farce a yanke tas, kullum suna ƙamshin sabulu. Aibinsu ɗaya: ƙaramin yatsansa na dama a karkace yake, ya yi gefe kamar mariƙin kofi. Yayarsa ce ta datse shi da ƙofa suna yara, ranar da ya tona cewa ita ta fasa madubin babansu. Ka ga ashe tun farko bakin ne ke jawo wa hannun.

Matarsa Hukuma yake kiranta, domin shi ke magana a gidan, ita ke yanke hukunci. 'Ya ɗaya Allah ya ba su. Yarinyar nan tun tana tatata ba ta yarda a riƙe mata hannu a titi. Ita ce za ta laluba ta kama karkataccen yatsan nan, ta dunƙule shi gam, ta ce ai don ita aka lanƙwasa shi. Da shi ta tsallaka titi zuwa makaranta, da shi ta je aka cire mata haƙori. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a babban asibiti, duk layi suna kiranta Nas, shi kuma uban ba ya kiranta sai Uwata. Ta auri wani mai gyaran lantarki mai kunya, ta haifi 'yar jaririya mai kumatu, wadda Rediyo yakan ajiye kwastoma da kumfa a fuska don ya je ya leƙa.

Sai shekarar nan ta zo, shekarar da Sarki ya daina fitowa.

Sarkin ƙasar tsoho ne, tun Rediyo yana koyon riƙe almakashi yake kan gado. Hotonsa yana kowane ofis da kowane aji da kowane shago: yana zaune cikin rigar sarauta, sandar mulki a hannun dama. Ba wanda ke tsayawa kallonsa, kamar dai agogon bango ne, sai ranar da ya tsaya kowa zai ɗaga kai. Aka yi taron buɗe majalisa, bai zo ba. Aka buɗe sabuwar gada, bai zo ba. Nan fa magana ta ɓalle. Wasu suka ce ya rasu an ɓoye. Wasu suka ce 'ya'yan ƙannensa biyu sun ja daga, kowanne ya samu sojojin da ke bayansa, jira kawai suke a ce tsohon ba ya iya riƙe sanda. Motocin soja suka fara tsayawa a mararraba, kantuna suka fara rufewa da wuri, layin ofishin fasfo ya miƙe har ya sha kwana.

Da farko, Allah ya yafe masa, Rediyo daɗi ya ji. Mai sayar da jita-jita ya samu kasuwa! Shago ya cika maƙil, har da masu sanƙo suna zuwa aski. Babban abokin hirarsa wani tsohon direban jirgin ƙasa ne da ake kira Fansho, mutumin da bai taɓa ganin gajimare bai ce ambaliya ba. Kullum zai zauna ya karkaɗa ƙafa ya ce, "Ƙasar nan ta ƙare, ku rubuta ku ajiye." Rediyo ya ce, "A'a, ƙara mana bayani," ya ƙara masa kumfa.

Daɗin ya yanke ne wata ranar da Nas ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta jira kwastoma ya fita, ta zauna a benci.

"Baba, an ba baban yarinya aiki a ƙasar waje. Ni ma wani asibiti a can ya ce in zo."

Tsintsiyar da yake share gashi da ita ta faɗi. Ya fara magana, ya yi ta magana, ya kawo sanyin can, ya kawo rashin mutuncin mutanen can, waɗanda bai taɓa gani ba, ya kawo hawan jinin Hukuma, wanda ba ta da shi. Nas ta bar shi ya gama.

"Ni ma ba so nake ba," in ji ta. "Amma in tsohon nan ya faɗi, faɗa za a yi, kuma ni ce zan riƙa ɗinke waɗanda aka kawo. Ba zan reni 'yata a haka ba. In na ga Sarki da idona, zaune daram, sanda a hannu, to zan ce wa maigidana mu haƙura. In ban gani ba, Baba, ka yafe mana."

Tun daga ranar jita-jita ta yi masa ɗaci a baki. Tsoro ya kama shi sosai, irin tsoron da ke hana mutum gama kofin shayi. Jikarsa za ta girma a inda ba zai ji maganarta ta farko ba, shi da ya riga ya shirya koya mata ta biyu da ta uku.

A cikin kwastomominsa akwai wani dogon dattijo mai furfura, mai ɗaukar hoton fada. Shekara da shekaru yana zuwa, kuma duk dabarar Rediyo bai taɓa zare masa labari ko ɗaya ba. Zai zauna, ya kafa ido a madubi, a gama, ya tashi. Rediyo ya ɗauka fuskarsa yake kallo. Ashe hannuwa yake kallo.

Ran nan ya zo da tsakar rana, shago ba kowa, ya tura ƙofa ya rufe da kansa.

"Ɗaga hannuwanka," ya ce. "Juya su. Dunƙule. Riƙe sandar tsintsiyar can."

Rediyo ya riƙe, baki buɗe.

"Tsawon daidai, launin daidai," in ji Mai Hoto, kamar yana zaɓen katako. "Hannunka nake so. Bakinka ne bala'i."

Sai da ya sa shi rantsuwa, ya sake sa shi, sannan ya ce, "Abin da za ka gani gobe, in ya fita daga bakinka, abin da kowa ke tsoro shi zai faru. Kai ka san inda 'yarka take aiki, ka san waɗanda za a kai mata."

Washegari da safe Rediyo ya gaya wa Hukuma zai je sayen reza. Ya sa mafi kyawun rigarsa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Rezar aure take yi?" Ya fita da sauri kafin bakinsa ya amsa.

Ta ƙofar masu wanki aka shigar da shi fada, ta wani lungu mai warin dutsen guga, aka hau bene, aka sauka, sai ga wani babban ɗaki an rufe tagoginsa. Fitilu a kan dogayen ƙafafu, wayoyi a ƙasa ko'ina, wata kujera mara majingina a tsakiya. Ba a daɗe ba likita ya turo Sarki a keken marasa lafiya.

Allah sarki. Ɗan tsurut ne ashe, wannan mutum da ya cika bangon ƙasa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa shi. Fuska ta dawo, magana ta dawo, ido kuwa tar, amma hannun dama yana kwance a cinya ba ya amsa kira. Rediyo ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

Sarki ya dube shi, ya ce, "Kai ne hannuna?"

"Ranka ya daɗe, ni ne. Wato ba ni ba ne. Wato hannun nawa ne, amma naka ne, ranka ya daɗe, har da ƙafa in ana so."

"Ƙafar ka riƙe," in ji Sarki. "Za ka buƙace ta in asiri ya tonu."

Ga yadda aka tsara. Telan fada ya farke hannuwan rigar sarauta ta baya. Aka zaunar da Sarki, aka naɗe hannuwansa a ciki, a kan cikinsa. Rediyo ya durƙusa a bayansa, aka lulluɓe shi da dogon mayafin rigar mai jan ƙasa, ya zura hannuwansa biyu ta hannun riga suka fito gaba. Aka sa masa zobe. Aka danƙa masa sandar mulki, mai nauyi da sanyi. Mai Hoto ya zo ya gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kama karkataccen ya tura shi bayan sanda.

"Wannan ya zauna nan," ya ce. "Kada in gan shi."

Ciki duhu, ga zafi, ga ƙamshin man zafi. Kumatun Rediyo a manne da bayan Sarki, yana jin ƙasusuwansa, yana jin numfashinsa yana shiga yana fita da ƙyar. Shi, ɗan mai facin taya, mai askin tashar bas, rungume da Sarki! 

Aka yi ta ɗauka, ba a dace ba. Yana jin Mai Hoto yana tsaki a hankali. Fuskar Sarki a gajiye take, kuma fuskar gajiya ita ce abin da 'ya'yan ƙannensa ke jira.

Can sai ya ji murya ƙasa-ƙasa. "Mai aski."

"Ranka ya daɗe."

"Hancina na ƙaiƙayi."

To, wa ke da hannu? Rediyo ya ɗaga na hagu yana lalube a makance. Ya kama haɓa, ya wuce, ya cafki kunne. Da yake hannun mai aski ne, sai ya lanƙwasa kunnen kamar zai gyara gefe. Bayan Sarki ya fara rawa. Rediyo ya tsorata, ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ashe dariya ce. Tsohon nan ya yi ta ƙyaƙyatawa har lambobin girman da ke ƙirjinsa suna ƙara, likita ya juya baya yana tari, tela ya cusa hula a baki.

"An ce ba ka shiru," in ji Sarki da ya samu numfashi. "Me ake cewa a gari?"

Ai kuwa an murɗa rediyo. Daga ƙarƙashin mayafi ya ba shi labarin Fansho da ambaliyarsa, da masu sanƙon da ke zuwa aski, da mutumin da ya rantse ya halarci jana'izar Sarki har an ba shi kujera a gaba. Sarki ya ce, "Da ya gayyace ni." Sannan ya gyara zama, muryarsa ta sauya kaɗan. "Riƙe da kyau, mai aski. Yau ƙasar a hannunka take."

A nan ne shaiɗanin alfahari ya raɗa wa Rediyo magana. Hoton nan zai shiga kowane ɗaki a ƙasar. Za a mutu a bar shi. Kuma ba mahalukin da zai san cewa akwai wani bawan Allah a ƙarƙashin mayafi, gwiwoyinsa na zogi, gumi na shiga masa ido. Baki an ɗaure shi da rantsuwa. Amma yatsa ai bai rantse ba. Mai Hoto ya ce, "Kada a motsa," idonsa yana kan fuskar Sarki, inda sauran dariya bai gama bajewa ba. Karkataccen yatsa ya zame daga bayan sanda ya leƙo waje. Fitila ta haska.

Duk cikin hotunan ranar, wannan kaɗai ne Sarki ya fito da rai a fuska. Shi aka buga.

Kai, ranar da hoton ya fito! Rediyo ya fita sayen burodi ya ci karo da hannunsa a jikin bas. Ya juya, ga shi a ƙofar banki. Ya ɗaga kai, ga shi a bangon gidan waya, girman ƙofar gareji, kowane farce ya kai faranti. Ya tsaya tsakiyar titi yana dariya shi kaɗai har wani direba ya tambaye shi ko ya gaji da duniya ne. Ya dawo gida ba burodi. Bai bi hanya ɗaya ba, sai da ya zaga ta kasuwa da makaranta da ofishin 'yan sanda don ya gaisa da hannunsa a ko'ina.

Gari kuwa ya sauke ajiyar zuciya. Mutane suka tsaya cirko-cirko gaban hoton, suna nuna murmushin, suna nuna riƙon sandar. Motocin soja suka ragu a mararraba. Kantuna suka koma rufewa a kan lokaci. Layin fasfo ya gajarce har mai sayar da ruwa a wurin ya fara ƙorafi. 'Ya'yan ƙannen Sarki, an ce, kowanne ya rataya hoton a falonsa, ya fi na ɗan'uwansa girma.

Rediyo ya sayi nasa mai gilashi, ya buga ƙusa daidai saman madubi. Sai da Fansho ya zauna sannan Rediyo ya lura da wautar da ya yi: ga hannu a sama riƙe da sanda, ga shi a ƙasa riƙe da reza, tsakaninsu taki ɗaya. Fansho ya kafa wa hoton ido. Rediyo ya daina numfashi.

"Dubi hannun nan," in ji Fansho. "Wannan ne hannun mara lafiya? Ni dama na faɗa, ƙasar nan ba inda za ta. Hannun sarauta daban ne, Rediyo. Jini ne. Kai ko shekara dubu ka yi kana shafa mai ba za ka samu irinsa ba."

Yana faɗa, hannun da yake yabo yana riƙe da hancinsa. Rediyo ya ce bari ya ɗauko tawul, ya shiga ɗan ɗakin ajiya na baya, ya cusa tawul ɗin a baki, ya yi rawa tsakanin bokiti da tsintsiya har ya buge kwalbar hoda. Ya fito fari fat, ya ce ɓera ne.

Yatsan ma bai tsira daga masu fassara ba. Fansho ya ce gargaɗi ne ga 'ya'yan ƙanne: da ƙaramin yatsa ma zan iya da ku. Mai gyaran agogo ya ce a'a, alama ce cewa Sarki bai manta da ƙananan mutane ba. Aka yi ta musu a gidan rediyo na gaske. Kafin ka ce me, samari sun fara riƙe kofin shayi da yatsa a ware. Direbobi suna gaisawa da shi ta taga. 'Yan makaranta suna ɗaga shi in an rera taken ƙasa. Wata rana wani kwastoma ya dubi hannun Rediyo ya ce, "Kai ma ka koya, amma ka cika lanƙwasawa, na Sarki bai kai haka ba." Ranar sai da ya sake shiga ɗakin ajiya.

Mai Hoto ya zo aski kamar kullum. Ya zauna, ya dubi hoton, ya dubi madubi.

"Na ga yatsan," ya ce.

"Zamewa ya yi," in ji Rediyo. "Gumi ne."

"Allah ya rufa maka asiri, gari ya mayar da shi ado. Ka ci gaba da rufe bakin." Da zai fita ya ɗan tsaya. "Sarki ya ce in gaishe da hannunsa."

A gida kuma Hukuma ta rasa gane kan mijinta. Mutumin da ba ya shiru ya koma yana haɗiye magana kamar mai shan magani, sai ya fara jimla ya tsaya ya yi dariya. Ya sayi man shafawa na hannu. Ya daina ɗaukar bokiti. Ya ƙi buɗe gwangwani. Wata rana ya kawo mata hoton a jarida, ya ajiye hannunsa kusa da shi a kan tebur kamar ba da gangan ba.

"Hukuma, kin kalli hoton nan da kyau kuwa?"

Ta ɗan leƙa. "Na gani. Ya rame. Ɗauke hannunka in goge tebur."

Ya ji haushi, ya kuma ji sanyi. Ya ce a ransa, shekara da shekaru da aure, mata ba ta san hannun mijinta ba!

Duk wannan murna dai jiran mutum ɗaya take. Nas aiki ya riƙe ta a asibiti, sai bayan 'yan kwanaki ta samu zuwa, da la'asar, jaririya a kafaɗa. Shago ba kowa. Rediyo ya tare ta tun daga ƙofa yana tsalle kamar yaro.

"Uwata, zo ki gani! Kin ce in kin gani da idonki. To ga shi, zaune daram, sanda a hannu. A kwance kaya! A gaya wa baban yarinya ya mayar musu da aikinsu!"

"Na gan shi a bas, daga nesa," in ji ta tana dariya. "Har na ce wa maigidana ya dakata da maganar tikiti. Bari in gan shi da kyau."

Ta matsa gaban madubi, ta ɗaga kai. Ta kalli fuskar, ta yi murmushi. Idonta ya sauka kan lambobin, ya sauka kan zoben, ya sauka kan sanda. A nan ya tsaya. Rediyo yana kallonta ta madubi, ya ga murmushin yana janyewa sannu a hankali. Ta gyara jaririya a kafaɗar hagu. Ba ta ko waiwaya ba, ta miƙa hannu baya, ta laluba, ta kama karkataccen yatsan, ta dunƙule shi gam, yadda take yi a bakin titi.



"Ɓarin daman Sarki ne ya shanye?" ta tambaya a hankali.

Rediyo ya kawar da kai.

"Baba. Hannun ba ya motsi ko kaɗan?"

Magana ta cika masa baki har tana masa ciwo. Ƙarya ma ta zo, kala-kala, masu kyau, irin waɗanda da zai shirya cikin ƙiftawar ido. Amma bai taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, gaskiyar kuma ya rantse ba zai faɗe ta ba. Sai ya yi shiru.

"Tun da aka haife ni ban taɓa jin ka yi shiru ba," in ji Nas. Hawaye suka zubo mata. "Shirun ya ishe ni. Ba wanda zai ji daga bakina, ko maigidana. Amma na san ciwon nan, Baba, kullum ina ganinsa. Yakan dawo. Hoton ya saya wa ƙasa lokaci ne kawai." Ta matse yatsan. "Me ya sa ka bar shi ya fito? Da ban gane ba."

Wannan tambaya ita ta karya shi. Ya zauna a kujerar kwastoma, kujerar da bai taɓa zama a kai ba, ya yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da nadama. Ƙasa guda ya kwantar wa hankali, mutum ɗaya da ya yi abin dominta ita ce kaɗai ba za ta ruɗu ba, kuma shi da kansa ya ba ta shaida.

Ranar tafiya da safe aka taru a tasha, bas ɗin da ke zuwa filin jirgi yana ta huci. Nas ta ce a jira ta, ta shiga shagon, ta fito rungume da hoton nan mai gilashi, ƙusa kawai ta bari a bango. Mijinta ya ce akwatuna sun cika, kuma ai za a samu irinsa a can. Ta ce a cinya za ta riƙe shi. Fansho ya cire hula, ya ce wannan shi ne kishin ƙasa, yaran yanzu su zo su koya.

Ta durƙusa ta gaida uwarta, ta zo gaban uban. "In ta girma ta tambaye ni ina ne ƙasarmu," ta ce tana nuna jaririya da haɓa, "zan nuna mata wannan. Zan ce ga wanda ya riƙe ta." Ɗan yatsanta yana kan gilashin, kuma ba a kan fuskar yake ba.

Bas ya tashi. Masu rakiya duk suka ɗaga hannu irin na yayi, ƙaramin yatsa a ware, tasha guda. Ta taga Rediyo ya hango Nas ta ɗaga nata, ta kuma kama na jaririya ta ɗaga. Shi ma ya ɗaga nasa, wanda ba sai an lanƙwasa shi ba. Bas ya wuce kantin magani, ya sha kwana. Mutane suka watse, Fansho ya tafi neman wanda zai gaya wa cewa bas ɗin tayarsa ɗaya ba iska. Rediyo yana nan tsaye, hannu a sama, ya kasa saukewa.

Hukuma ce ta miƙa hannu ta jawo shi ƙasa. Ta kama karkataccen yatsan ta riƙe, ta share idonta da gefen mayafi, ta ce masa a hankali yadda ba mai ji:

"Sauke hannun Sarki haka nan, Malam. Mu je gida, akwai bokiti yana jiransa."